Sau uku na zuƙe tankin tsohuwar motata kafin gejin mai ya faɗi gaskiya

Motata Ford Mustang ce ƙirar 1966, kuma tun ranar da ta zo hannuna gejin mai bai taɓa gaya mini gaskiya ba. Da fari in na cika tanki allurar takan tashi zuwa rabi ta cije. Bayan 'yan watanni ta koma tsayawa a kwata, daga nan kuma ta kwanta a kan E ta yi shiru abinta. Sai na koma lissafi da mil: duk lokacin da na sha mai in rubuta lambar da ke kan mita a 'yar takarda, in na ga na yi nisa in sake sha. Dabarar ta yi mini aiki har ranar da na manta ban rubuta ba, motar ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar hanya gab da faɗuwar rana. A wannan dare na yi niyyar gyara abin. Na rubuta yadda ta kaya ne saboda kusan duk wahalar da na sha ni na jawo wa kaina, kuma wanda ya san abin da ban sani ba a lokacin zai iya gama aikin a yini guda.

Kuskurena na farko shi ne na ɗora wa gejin laifi don shi nake gani da ido. Na kwashe yini cur ina kwance fuskar dashbod, na ciro gejin, na hure masa ƙura, na goge bakin wayoyinsa, na mayar. Allura ba ta ko motsa ba. Abin da na samu kawai shi ne ɗan tsagewa a robar da ke kewaye da fuskar mita, wadda shekaru suka busar har ta koma kamar ƙwai. Washegari na je wurin wani dattijon rewaya da ya daɗe yana aikin tsofaffin motoci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, ka taɓa wayar da jikin mota kafin ka kwance duk wannan?” Na ce, “Wace waya, Baba?” Ya yi dariya ya ce in shiga in kunna makulli ba tare da na tayar da inji ba. Shi kuma ya kwanta ƙarƙashin motar ta baya, ya zare wayar da ke shiga gaban tanki, ya taɓa bakinta da ƙarfen jikin mota. Ina zaune ina kallo allurar da na ɗauka ta mutu ta fara tashi a hankali ta nufi F. Kafin ta kai ya cire, ya ce kada in taɓa barin ta fiye da 'yan daƙiƙoƙi, don in ta daɗe gejin zai ƙone. Aikin da bai kai minti ɗaya ba ya wanke gejin, ya wanke wayar tun daga dashbod har baya, ya bar laifi a cikin tanki.

A nan ne ya yi mini bayanin yadda abin yake, kuma da na san shi tun farko da ban taɓa dashbod ba. A cikin tanki akwai na'urar da makanikai ke kira fulota: wata 'yar gwangwanin tagulla ce mara komai a ciki, tana yawo a saman mai, an maƙala ta a bakin wani siririn hannu na ƙarfe. In mai ya ƙaru ta tashi, in ya ragu ta sauka, hannun kuma yana jan wani ɗan harshe a kan waya nannaɗaɗɗiya da ke tauye wuta. Ana auna wannan tauyewa da om. A Ford na wancan zamani, in tanki ya ƙare na'urar tana ba da kusan om 73, in ya cika kusan om 10. Gejin shi kuma ba maganaɗisu ke motsa shi ba, zafi ne: wutar tana ɗumama wani siririn ƙarfe mai ɓari biyu, ya lanƙwashe ya tura allura, shi ya sa take tashi da nawa. Sai kuma abu na uku, ɗan ƙaramin akwati a bayan fuskar mita da ke rage wutar batir daga volt 12 zuwa matsakaicin volt 5, ta hanyar yankewa da haɗawa ba ƙaƙƙautawa. In ka sa fitilar gwaji a wayar tanki za ka ga tana ƙiftawa, kuma hakan lafiya ce. Shi wannan akwatin ne ke ba gejin mai da na zafin inji da na ƙarfin baƙin mai wuta, saboda haka in dukansu uku suka rikice tare, a can za a fara nema. Nawa biyun suna aiki daidai, abin da ya kamata ya ishe ni ishara tun ranar farko. Baba ya sa mitarsa tsakanin bakin na'urar da jikin tanki, ta nuna saba'in da 'yan kai, alhali na sha mai da safen nan. Ya ce, “Fulotarka ta sha mai ta nutse.”

Sayen sabuwa ya zo da nasa ruɗanin. Mai kayan da na fara zuwa wurinsa ya miƙo mini wata a kwali ya ce tana shiga kowace mota. Saura kaɗan in biya, sai na ga an rubuta om 240 zuwa 33 a gefen kwalin. Irin wannan ta gejin da ake saye daban a ɗaura ce, ba ta magana da gejin Ford na asali. Da na sa ta, da tanki zai kusa cika kafin allura ta ɗaga kai daga E. Na tsofaffin motocin General Motors kuwa a juye suke gaba ɗaya: daga 1965 zuwa sama sifili ne in ba mai, 90 in ya cika, na kafin nan kuma sifili zuwa 30. Wato gwajin da Baba ya yi mini, in a Chevrolet, ɗaya daga cikin motocinsu, aka yi shi, allura E za ta nufa, in an bar wayar a sake kuma ta wuce F. Mai irin wannan mota da ya bi labarina ido rufe zai yanke wa lafiyayyen geji hukuncin kisa. Daga ƙarshe na yi oda a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, bayan na tabbatar da abu uku: om ɗin 73 zuwa 10 ne, an yi ta don tanki mai galan 16 na Amurka, kusan lita 60, wanda shi ne na wannan shekarar, sannan bututun da ke jikinta inci 5/16 ne kamar layin man motar, don akwai mai 3/8. Na uku ɗin yana da muhimmanci saboda a wannan mota na'urar ba auna mai kaɗai take yi ba, ta jikinta bututun da famfo ke zuƙo mai ya ratsa, da 'yar matata kamar safa a bakinsa. Na haɗa da sabon zoben kullewa da robar da ke hana ɗiga da guntun tiyon mai. Sai da na jira mako uku, ina yawo da jarka a but kamar mai gudun hijira.

Ranar aiki na kira ƙanena ya taya ni. Mun fito da motar fili, ba cikin gareji ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru daidai inda mutum zai kwanta. Na cire baƙar wayar batir, na ajiye abin kashe gobara kusa, na hana fitilar lantarki mai ƙwai, muka yi amfani da tocilan. Muka ɗaga bayan motar muka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ban yarda in shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai ba. Wani abin daɗi da Mustang shi ne ba sai an sauke tanki ba. Saman tankin shi ne daɓen but, na'urar kuma tana fuskarsa ta gaba, bayan aksul, ana isa gare ta daga ƙasa. Amma da yake ramin yana ƙasa-ƙasa, dole a zuƙe man tukuna. A lissafina bai fi lita goma ya rage ba, saboda haka jarka ɗaya na tanada. Ashe mutumin da ba shi da geji bai kamata ya yarda da lissafinsa ba. Tankina yana da noti na zubar da mai a ƙasa, amma tsatsa ta kama shi har na ji tsoron in na matsa zai taho da ɓangaren tankin, sai na bar shi na sa famfon hannu ta bakin shan mai. Jarka ta cika, mai bai nuna alamar ƙarewa ba. Ƙanena ya ruga ya samo wata, ita ma ta kusa cika. Da famfon ya fara jan iska na ɗauka an gama, na shiga na kwance tiyon da ke bakin bututu, sai ga mai ya tsinke yana bin hannuna har hamata. Bututun yana kaiwa har gindin tanki, da zarar an cire tiyo sai ya ci gaba da zuƙo ragowar da kansa. A sa kwano a ƙasa kafin a taɓa wannan tiyo, a kuma sa tabarau, don ɗigon fetur a ido ba wasa ba ne.

Zoben kullewa ya ci mana sauran yinin. Zobe ne mai kunnuwa da ake juyawa hagu ya saki na'urar, amma shekaru da laka da tsatsa sun haɗe shi da tanki. Ƙanena ya miƙo mini sukudireba da guduma ya ce, “Yaya, buga masa kawai.” Na ƙi. Ƙarfe a kan ƙarfe yana iya tayar da tartsatsi, kuma tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari, don cike yake da tururi. Na goge wurin da buroshin tagulla, na jiƙa shi da man warware tsatsa, muka bar shi ya kwana. Da safe na sa sandar tagulla a kunne ɗaya na ɗan buga, na koma na biyu, na koma na uku, ina zagayawa, har ya motsa. In aka dage wa kunne ɗaya sai ya lanƙwashe, ko kuma a ɓata leɓen tankin da ke riƙe zoben, wanda in ya lalace sai dai sabon tanki. Ciro na'urar kuma sai da lallashi, ana karkata ta ana juyawa don hannun da fulotar su bi ta ramin. Da ta fito na girgiza fulotar kusa da kunnena, sai ƙarar ruwa nake ji a ciki, ga ta da nauyi. Matatar bakin bututu kuwa ina taɓa ta ta ruguje a yatsuna. Na haska cikin tankin na ga ɗan jan gari a gindi, amma bangon da sauran ƙarfinsa, na ɗaure tsumma mara gashi a sanda na share iyakar inda hannu ya kai.

Daga nan ne garaje ya shiga. Ina ɗokin in ga allura ta tashi, na ɗauki sabuwar daga kwali na zura ta kai tsaye, ban gwada ta da komai ba. Robar zagaye ce mai kusurwa da ke zama cikin wani ɗan kwari a bakin ramin, kuma da yake ramin a tsaye yake, ba abin da ke riƙe ta. Hannu ɗaya na riƙe na'ura, ɗaya na juya zobe, ban san robar ta zame ta ƙasa ba. Muka sauke mota muka zuba jarka ɗaya. Ban gama rufe murfi ba ƙanena ya ce, “Yaya, tana ɗiga.” Haka muka sake ɗagawa muka sake zuƙewa, karo na biyu ke nan. Robar ta tsinke inda zoben ya danne ta, na yi sa'a akwai wata a cikin kwalin na'urar bayan wadda na saya daban. Wannan karon na shafa mata ɗan basilin, ta manne a kwarinta, na daidaita 'yan haƙora biyu na farantin na'urar da gurabensu a tanki, na danne da babban yatsa har zoben ya kama, sannan na buga shi ya kai maƙura. Na sa sabon tiyo, domin tsohon ya tsattsage, kuma fetur mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba. Muka zuba mai, na shimfiɗa kwali a ƙasa na bar ta awa guda. Ko ɗigo babu.

Na je na cika tanki har baki, na kunna makulli ina murmushi. Allura ta tashi, ta ɗan wuce rabi, ta tsaya. Na jira. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa kamar hakan zai sa ta ji kunya. Tana nan. Raina ya ɓaci sosai, har na fara rubuta wa masu kayan saƙon cewa sun aiko mini da jabu, sai na fasa na koma wurin Baba. Ya auna daga bakin na'urar zuwa farantinta, ya samu wajen om 14. Ya sake aunawa daga bakin zuwa jikin mota, sai lambar ta haura ashirin. Ya ce matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko, wutar ba ta da waya ta komawa, ta farantin take bi ta shiga zobe, ta shiga tanki, ta bi kusoshin da suka ɗaure tankin da daɓen but ta koma jikin mota, kuma a hanyar nan akwai tsatsa da fenti da abin liƙi na shekara da shekaru. A tsarin da cikakken tanki om 10 ne kacal, ƙarin om shida ko bakwai ya isa ya sauke allura da yawa. Wannan ya warware a take: ya kankare ɗan wuri a farantin, ya ɗaura waya ya kai ta wani noti mai tsabta a jikin mota, allura ta ƙara tashi amma ba ta kai F ba. Ta biyu kuwa a ciki take: fulotar tana bugun rufin tanki kafin hannun ya kai ƙarshen tafiyarsa. Ya dube ni ya ce, “Ka gwada ta a waje kafin ka sa?” Na yi shiru. Ya ce, “To sai ka sake fito da ita.”

Sai da na yi kwana goma ina yawo don man ya ragu, sannan muka zuƙe karo na uku. Yanzu kam na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na toshe ramin tankin da tsumma da tef, na ɗauki na'urar na yi nesa da motar, na bar ta ta bushe, na sa mita ina ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama, ina duba ko lambar tana sauka sumul ba tsalle. Ta ba da 73 a ƙasa, 10 a sama. Na jawo dogayen wayoyi biyu daga motar, ɗaya ta geji ɗaya ta jiki, don kada a yi wani haɗi kusa da bakin tanki, ƙanena yana ciki yana faɗa mini inda allura take, ni ina waje ina motsa hannun, muna ba ta kamar minti guda a kowane matsayi don ta zauna. Sannan na jera sabuwar da tsohuwar a kan tebur, faranti da faranti, nan take na ga lanƙwasar hannunsu ba ɗaya ba ce. Na riƙe gindin hannun da filaya don kada ƙarfin ya faɗa kan ɗan harshen ciki, na lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan har ya bi sahun tsohon. A kula, abin da aka ƙara a sama an rage shi a ƙasa: in aka lanƙwasa da yawa don a samu F, fulotar za ta zauna a gindin tanki allura ba ta kai E ba, mai ya ƙare geji yana cewa da saura. In dole sai ɗaya, ni na fi son ƙaryar ta kasance a sama. Kafin in mayar na tsoma sabuwar fulotar cikin ruwan ɗumi na riƙe ta a ƙasa ina neman kumfa, domin sabuwa ma takan zo da huda a wurin liƙinta. Ba ta fitar da komai ba.

Da yake tsohuwar na kan tebur, na sa mata mita don son sani kawai. Ashe wayarta lafiya lau take, kuma a rabin tafiyar hannun tana ba da ashirin da 'yan kai, wanda shi ne abin da gejin Ford ke jira, kusan om 23, kafin ya nuna rabi. Sabuwar a wannan matsayi kusan 40 take bayarwa, domin an naɗa wayarta bai ɗaya daga farko har ƙarshe, ta asalin kuwa ba haka aka naɗa ta ba. Lanƙwasa hannu ba ya gyara wannan. Da bututun tsohuwar bai ci tsatsa har ya yi sirara ba, da fulota da matata kawai zan sauya mata in mayar da abata, kuma duk wanda tasa ke da sauran ƙarfi ina ba shi shawara ya auna ta kafin ya yi odar komai. Tawa na naɗe ta a takarda na adana, Baba ya ce akwai masu sake mata bututu.

Da na mayar da na'urar karo na uku, da sabuwar roba da wayar jikin a ɗaure, ban cika tankin gaba ɗaya ba. Na ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ina zuba lita goma-goma, ina kunna makulli in jira allura ta zauna in rubuta inda ta tsaya. A lita goma ta ɗan ɗaga daga E. A talatin, wato rabin tanki, tana ɗan sama da kwata. Daga arba'in ta fara sauri, a sittin ta hau kan F daidai. Na kwafe jerin a ɗan kati na liƙa a cikin murfin akwatin dashbod, inda takardar lissafin mil take a da. Makon jiya na bar allurar ta kwanta a kan E da gangan, jarka tana but, na shiga na cika: lita 53 ta ci.